Kilomita Dubu Biyu a Wuyan Baba Mahadi

Shafi na 17

Masu cewa na cika jan rai, ga shi kun samu. Ke kuma Maryam ta Bungudu da kika rantse in ban wanke Baba Mahadi ba kin daina karatu, yau garinku muka nufa. Ki ajiye kofin shayin nan tukuna kada ya ƙone ki.

*

Ƙarfe tara na safiyar Lahadi Zuwaira ta fito tsakar gida, mayafi a kafaɗa, waya a hannu ta cika ta da caji. Baba Mahadi ya riga ya wanke motar, yana tsaye a gefenta da tsumma kamar wanda aka kawo wa sammaci. Shekara ashirin da huɗu yana jan motar gidan mahaifinta Alhaji Ummaru. Shi ya kai Zuwaira firamare, shi ya ɗauko ta ranar da ta gama jami'a. Yau ga ta malamar lissafi a sakandaren 'yan mata, amma har gobe 'Yar Baba yake kiranta. Wannan bawan Allah ne jiya aka kira ɓarawo a tsakiyar falo.

Yayanta Abdulaziz ne ya yi wannan aika-aikar. Ya zo daga Abuja hutun ƙarshen mako, kuma kun san halin ɗan da ya saya wa iyayensa mota, ko ƙuda ya sauka a kanta sai ya nemi ba'asi. Ya buɗe ƙofa ya ga 'yar takardar da Nura bakanike ke liƙawa duk ranar da aka yi juyen baƙin mai. Ya dubi lambar da ke jiki, ya dubi mita. Sati goma kacal, mota ta ci kilomita dubu uku. Motar da iyakacinta kasuwa, ta'alimin Inna na ranar Laraba, sai kai mahaifinsu Baba asibiti gashin ƙafa ranar Asabar, duk a cikin Gusau. Ko an yi mata ciko ba ta wuce ɗari a sati, dubu ɗaya ke nan. To ina dubu biyu suka fito?

Abdulaziz bai wahalar da kansa ba, ya yanke hukunci cewa kabu-kabu tsohon yake yi da motar. Ya ba shi zuwa azahar ta yau, in babu bayani a karɓe makulli a gaban Baffa Abdulrasheed, ƙanen Baba, daga nan sai ofishin 'yan sanda. Abin da Baba Mahadi ya iya cewa kawai shi ne mitar ce ta fara gudu. Baba ya yi wuf ya ce ai ƙarfe ne, ƙarfe kuwa yana ruɗewa, a bar maganar. Inna ma ta ce a bari. Zuwaira ce ta miƙe, ranta a ɓace, ta ce ba za a bari ba, a gwada mitar kowa ya gani. Ta kwana tana jin kanta jaruma.

Tun da asuba ta buga wa Nura bakanike ya koya mata yadda ake yi. Ya ce ta fara duba lambar da ke jikin taya ta gwada da wadda ke rubuce a jikin ƙofar direba, don in an sa wa mota tayoyin da suka yi mata ƙanana mita takan yi gaba da gaskiya. In wannan ya yi daidai, sai a mayar da ƙaramar mita sifili, a kunna taswirar waya mai ƙirga tafiya, a bi titi mai duwatsun kilomita a gefe. Shaidu uku ke nan, in biyu suka haɗu suka ƙaryata ɗaya magana ta ƙare.

Ta durƙusa ta duba tayoyin, huɗun duka. Lambar ɗaya ce da ta jikin ƙofa. Ta share, ta ce a ranta ai saura gwajin hanya.

Inna ta leƙo daga ƙofar kicin ta ce mata ita dai ba ta jin magana, ta bar bawan Allah ya huta, rana ta fara zafi. Baba ma ya ɗaga labulen tagarsa ya ce hanya ba lafiya, kada ta fita bayan gari. Ta ce masa Bungudu ce kawai, yanzu za su dawo. Iyaye biyu da ba su cika haɗuwa a kan ko gishirin miya ba, yau sun haɗu a kan hana ta tafiya, amma baiwar Allah ba ta ga komai a ciki ba sai tausayi.

Sai da ta buɗe ƙofar gaba za ta shiga Baba Mahadi ya yi magana, murya ƙasa-ƙasa.

"'Yar Baba, ki bari. In korata za a yi, a kore ni. Ba sai an gwada ba."

"Sunanka fa, Baba Mahadi? Haka za ka koma garinku Bilbis a ce sata ta maido ka gida?"

"Suna na Allah na."

"Ni dai ban yarda ba. Mu je."

Ya dube ta, ya dubi ƙofar kicin, ya shiga ya tayar da mota.

*

A shataletalen Lalan ta sa shi ya tsaya. Ta danna maɓallin ƙaramar mita da hannunta har ta koma sifili, ta kunna taswira a ƙaramar wayarta. Sannan ta yi abin da za ta daɗe tana cizon yatsa a kansa. Don kada Abdulaziz ya ce ta yi coge, sai ta kira shi a bidiyo da babbar wayar, ta ce ya zauna ya kalla da idonsa tun daga farko har ƙarshe. Ya ce ai kuwa ya ji daɗin wannan shawarar.

Suka ɗauki hanyar Bungudu.

Baba Mahadi da ko amarya ya ɗauko ba ya sauka daga tamanin, yau arba'in yake yi. Har wani mai keke-napep ya wuce su yana waige. Ita ma ta lura, ta ɗauka tsufa ne da ɓacin rai. Ko a tunaninsa in an lallaɓa mota mita za ta ji kunya ta yi ƙarya, oho.

Kilomita biyar a waya. Ta leƙa mita. Biyar.

Ta yi 'yar dariyar yaƙe ta ce wa Abdulaziz ai sai an yi nisa irin wannan matsalar ke fitowa. Ta koma ƙirga fararen duwatsun gefen titi, wani ya karye, wani ciyawa ta rufe shi, amma waɗanda ta samu duk bakinsu ɗaya da waya.

Goma a waya. Goma a mita.

Tana ta addu'a a zuci lambar nan ta yi tsalle ko sau ɗaya ne, ta haukace, ta mutu, ta yi komai. Mita kuwa tana tafiyarta a natse, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa.

Suna shiga Bungudu waya ta nuna sha tara da ɗigo tara, mita ta nuna ashirin cif.

"Na gani," in ji Abdulaziz. "Malamar lissafi, kin gama aikinki. Ku dawo."

Ya kashe.

Baba Mahadi ya gangara gefen titi ya tsaya a inuwar wata bishiyar dalbejiya, ya kashe mota, ya ɗora hannayensa biyu a kan sitiyari. Zuwaira ta kasa ko juyowa ta dube shi. Ba hasarar gardama ce ta dame ta ba. Mutumin da ya taɓa bin ta har aji da naira ashirin ɗin da ta yar a kujerar baya, shi ne yau ƙarfe ya ƙaryata. Zuciyarta ta yi mata zafi sosai.

"Da gaske ne, Baba Mahadi?"

Ya kau da kai ya dubi taga.

"Ka ce min wani abu mana. Ko ƙarya ce ka yi min, zan karɓa."

Hawaye suka ɓalle mata. Ta ja murfin 'yar ma'ajiyar gaban mota tana neman abin share fuska, sai wata baƙar leda ta faɗo a cinyarta. Baba Mahadi ya kai hannu da sauri, amma ta riga shi. Kwalayen magani ne da ba kowa a ciki, sai wani katin asibiti da aka ninke biyu. Ta buɗe.

Lukuman Ummaru. Tsafe.

Kwanan watan da ke ƙasa na Larabar da ta wuce ne.

Ta karanta sunan sau uku kamar wadda ba ta iya boko ba.

Lukuman ƙanenta ne, autan Inna, wanda shekara uku ke nan ba a ambaton sunansa a gidan. Shaye-shaye ya kai shi ya sace takardun gonar Baba ta Wonaka ya sayar, Baba bai sani ba sai da ya je ya tarar da baƙi suna huɗa a gonar ubansa. A ranar ya kore shi. Bai tsaya nan ba, a gaban Baffa Abdulrasheed ya dubi Inna ya ce duk ranar da ta je wurin yaron nan, ko ta aika masa da ko ƙwayar gero ce, a bakin aurenta. Kowa kuma ya san Baba ya riga ya ɓarar da igiya biyu tun zamanin ƙuruciya da zafin kai. Guda ɗaya ce tak ta rage, ita ke riƙe da auren shekara arba'in.

"Laraba," Zuwaira ta faɗa a hankali. "Ranar ta'alimin Inna."

Baba Mahadi ya sunkuyar da kai, ya ja salati. Da ya ga ba sauran abin ɓoyewa sai ya buɗe baki. Ya ce wata uku da suka wuce wani ɗan garinsu ya tare shi a tasha ya ce ya ga ɗan maigidansa a Tsafe, kwance a bayan shagon wani mai faci, ƙafafu sun kumbura, an ce ƙoda ce. Yaron ya fi shekara da barin ƙwaya, sai ga ciwo. Kwana uku Baba Mahadi yana yawo da maganar a cikinsa, abinci ya ƙi shiga, a na huɗu ya faɗa wa Hajiya. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi tambaya ba, cewa kawai ta yi ya kai ta. Tun daga nan duk Laraba sai ya sauke ta a ƙofar makarantar ta'alimi, ta shiga ta gaba ta fito ta baya da niƙabi, kwanon kunu da farfesu a ƙarƙashin hijabi. Ita ke zuba man tafiyar. Ita ta kama wa yaron ɗaki, ita ke kai shi ganin likita.

Zuwaira ta dafe kai. Hanyar Tsafe, da masu lafiya ma ke bi da addu'a a baki, ita ce Inna mai hawan jini ke bi duk sati ba wanda ya sani.

"Kullum take zuwa?"

"Hajiya Laraba ɗai take zuwa. Ba ta taɓa ƙarawa ba."

"Me ya sa ba ka faɗa min ba tun a gida? Da na san haka ai da ban..."

"Na ce ki bari, 'Yar Baba. Ciki ba don tuwo ɗai anka yi shi ba."

Sai a lokacin ta gane girman abin da ta yi. Ƙaryar da tsohon nan ya lulluɓe uwarta da ita, ita ce ta bi ta yaye da hannunta, har da kiran bidiyo don kada a yi gardama. Garin neman gira ta rasa ido.

Baba Mahadi ya karɓi ledar ya cusa a aljihun rigarsa. Ya ce ta saurare shi da kyau. In sun koma zai ce kabu-kabu yake yi, ita kuma ta kama bakinta.

"Za su kai ka wurin 'yan sanda fa."

"Su kai. Ni tsoho na, in an sako ni in koma Bilbis in kama hauya. Ita igiya guda tar rage mata. In ta tsinke, ina za ta da hurhura?"

Zuwaira ta shiga auna abin a ranta. Gaba kura ce baya sayaki. Ta tona, Inna ta bar gidan. Ta yi shiru, a tafi da Baba Mahadi da sunan ɓarawo. Suka juyo Gusau, kuma a dawowar tamanin Baba Mahadi ya yi.

*

Ana jiransu a falo lokacin da suka yi sallama. Baba na zaune a kujerarsa, sandarsa a tsakanin ƙafafunsa, idonsa a ƙasa. Baffa Abdulrasheed na gefensa da carbi. Abdulaziz na tsaye yana kai-komo, ƙamshin turarensa ya cika ɗakin. Labulen ƙofar ciki yana ɗan motsi, Zuwaira ta hango yatsun ƙafar Inna a ƙarƙashinsa.

Baba Mahadi ya cire takalmi, ya cire hula, ya durƙusa a gaban Baba. Ya zaro makulli ya ajiye a kan darduma.

"Alhaji, gaskiyar yaro ta. Mita lahiyarta lau. Kabu-kabu nike yi da motar ga. A gahwarce ni."

Baffa ya saki salati. Abdulaziz ya tafa hannu, ya ce ai ya faɗa, rana dubu ta ɓarawo rana ɗaya ta mai kaya. Ya shiga zazzaga, ya tuna wa tsohon shinkafar salla, ya tuna masa kujerar Makka da ya yi niyyar biya masa baɗi, ya kira shi maci amana har sau biyu. Baba Mahadi bai ɗago ba. Wani gumi ne kawai ke bin sanƙonsa yana ɗiga a darduma.

Zuwaira ta dubi mahaifinta tana jiran ya tsawatar. Mutum ya yi maka bauta shekara ashirin da huɗu, ɗan cikinka yana zaginsa a gabanka, ko tari ba za ka yi ba? Baba dai ya ƙura wa sandarsa ido. Tun da take ba ta taɓa jin haushinsa irin na wannan lokacin ba. Haushin kanta kuwa ya fi, don ita ma bakinta a rufe yake.

Abdulaziz ya zaro waya ya ce bari ya kira abokinsa ɗan sanda a zo a tafi da shi.

Labule ya yaye.

"Aje wayar ga."

Inna ce. Ta fito da hijabinta na salla, fuskarta ba ɗigon hawaye. Ta wuce ɗanta kamar ba ta gan shi ba, ta sunkuya ta ɗauki makullin ta miƙa wa Baba Mahadi.

"Tashi, Mahadi. Amshi makullinka. Ba a gabana za ka yi wa kanka ƙazahi ba."

"Hajiya, don Allah..."

"Ya isa." Ta juya ta fuskanci mijinta. "Alhaji, ƙarya shikai maka don ya ruhe ni. Ni yake kaiwa Tsahe duk Laraba. Auta na can kwance, ƙoda ta kama shi. Ni ka kai mashi abinci, ni ka kai shi asibiti."

Wayar Abdulaziz ta suɓuce ta faɗi a kan kujera. Carbin Baffa ya tsaya a hannunsa. Baba kuwa ɗagowa ya yi a firgice, ya dubi matarsa, ya dubi direbansa, ya sake duban matarsa, kamar wanda aka tasa daga barci da ruwan sanyi.

"Ke?" in ji shi. "Ke ma... ke ka zuwa can, Fatimatu?"

"Ni."

"Kin manta abin da nac ce?"

"Ban manta ba. Amma ni na haihe shi. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

Baffa Abdulrasheed ya girgiza kai, ya ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya ce shi ne shaida a ranar, da kunnensa ya ji, kuma wannan ba maganar da ake wasa da ita ba ce. Ya ce da Baba, magana ta riga ta fita daga bakinsa, namiji kuwa ba ya magana biyu, sai dai haƙuri. Shi Baffa dama haka yake, ko gobara ake sai ya tsaya ya faɗi hukuncin wuta.

Abdulaziz ya dawo hayyacinsa ya fara roƙo, yana cewa shi ba haka ya nufa ba, maganar mota kawai ya yi, a bar motar ma gaba ɗaya, a ƙona ta. Ba wanda ya kula shi. Ya kunna wuta ya ga ta kama rufin ɗakin uwarsa, yanzu yake neman ruwa.

Baba ya daɗe yana kallon ƙanensa. Sannan ya miƙa hannu ba tare da ya dubi kowa ba.

"Zuwaira. Ba ni biro da takarda."

Ta ce Baba don girman Allah, ya daka mata tsawa ya ce ba da ita yake ba? Ta buɗe jaka. Jakar malama ba ta rasa biro. Takardar da ta fara zuwa hannunta ita ce wadda ta yi lissafin mitar a kai jiya, ta juya bayanta mai fari ta miƙa masa. Ya ɗora a kan gwiwa ya fara rubutu. Inna na tsaye ƙyam, ta harɗe hannu a ƙirji, ko ƙifta ido ba ta yi.

Zuwaira ta durƙusa a gabansa tana kuka. Daga inda take tana hango gefen takardar da ya lanƙwaso, rubutun hannunta na jiya da jan biro, ta ja masa layi biyu a ƙasa. Dubu biyu.

Dubu biyu.

Kukan ya tsaya. Kan da ya toshe tun Bungudu ya buɗe lokaci ɗaya. Ta juya.

"Inna, sau nawa kika je Tsafe tun da aka yi juyen nan?"

Inna ta dube ta da mamaki, kamar ta ce yanzu lokacin wannan ne? Ta dai amsa ta ce duk Laraba, sati goma, sau goma ke nan.

"Ba ki taɓa zuwa wata rana daban ba?"

"Ban taɓa ba."

"Baba Mahadi, daga nan zuwa Tsafe, zuwa da dawowa, nawa ne a mita?"

Tsohon ya ce ta bar maganar nan haka. Ta ce sai ya faɗa. Ya ce ɗari, ko da 'yan kai.

Zuwaira ta miƙe tsaye. Ta share fuskarta da gefen mayafi.

"Ɗari sau goma dubu ɗaya ne. Dubu biyu ake nema. Mitar nan na gwada ta da idona, Yaya ma shaida ne, ba ta ƙara ko taku ɗaya. Inna ta ɗauki dubu ɗaya." Ta dubi kowa ɗaya bayan ɗaya. "Saura dubu ɗaya. Wa ake kaiwa?"

Aka shiga kallon-kallo.

Abdulaziz ya ce to ai shi ke nan, ragowar ita ce kabu-kabun, amma muryarsa ba ƙarfi, shi kansa bai yarda da abin da ya faɗa ba. Baffa ya matsa wa Baba Mahadi ya ce ya ji tsoron Allah ya faɗi gaskiya, auren mutane ake shirin kashewa a kan wannan motar.

Baba Mahadi ya ɗago kansa a hankali. Bai dubi Baffa ba, bai dubi Abdulaziz ba. Maigidansa ya duba, idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Alhaji, na riƙe iyakar riƙona. In hwaɗi, ko kai za ka hwaɗi?"

Biron ya tsaya a hannun Baba.

Sai a lokacin Zuwaira ta fara haɗa abubuwa. Gashin ƙafar ranar Asabar. Fita tun ƙarfe takwas, dawowa bayan la'asar, wai layi ne a asibiti, wai daga can ya biya majalisar 'yan fansho. Ƙafar da sati goma ana gasa ta ba ta canza ko kaɗan ba. Da yadda ya yi wuf jiya ya ce ƙarfe yana ruɗewa. Da kalmar da ta suɓuce masa ɗazu, ke ma.

Inna ta saki hannayenta daga ƙirji. Ta tako ɗaya, ta tako biyu, har ta tsaya a kansa.

"Alhaji. Bargon ga naka mai ruwan ƙasa, wanda kac ce mani ya ɓace wurin mai wanki."

Baba bai ɗago ba.

"Na gane shi bisa gadon Auta. Yac ce mani wani tsoho na yab ba shi sadaka."

Zuwaira ta leƙa takardar da ke kan gwiwar mahaifinta. Kalma biyu kawai ya samu ya rubuta.

Ni Ummaru.